Shin da gaske kumburi ne ke kawo gigin tsufa?

Talatu_Gangare:

Assalamu alaikum jama'ar zaure, musamman likitoci da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Akwai maganar da ke yawo a WhatsApp a nan Jos kwanakin nan, wai ciwon mantuwar tsofaffi, wanda muke ce wa gigin tsufa, ba komai ba ne illa kumburin ƙwaƙwalwa, kuma wai ƙwayoyin jikin da suka tsufa ne ke hura shi. Daga ƙarshe sai a tallata garin kurkum da zogale, ko wasu ƙwayoyi da aka ce daga waje aka kawo. Ina so a fayyace mana: mene ne gaskiya a ciki? In kumburi ne, me ya hana a ba tsoho Diclofenac ko asfirin kullum a huta? Akwai gwajin jini da zai nuna wannan kumburin? Sannan me ya sa tsohon da mantuwarsa ke tafiya a hankali, da zarar ya yi zazzaɓi sai ya rikice gaba ɗaya, wani lokaci har ya warke bai koma yadda yake ba?

Dakta_Lamingo:

Wa alaikumus salam Malama Talatu. Rabin maganar gaskiya ce, rabin talla ne. Bari in ɗauki na gaskiyar.

Kumburin da ake nufi ba irin na ƙurji ko targaɗe ba ne, wanda wuri zai yi ja, ya yi zafi, ya tashi, bayan mako ya saɓe. Wannan ɗin wutar ƙaiƙayi ce: ba harshe, ba hayaƙi, amma tana ci ta ƙarƙashi shekara da shekaru. Wani masani ɗan Italiya, Claudio Franceschi, shi ya ba abin suna “inflammaging”, wato kumburin tsufa, a 2000, bayan an lura cewa sinadaran da garkuwar jiki ke aika saƙo da su, irin su IL-6 da TNF, suna ɗan hawa a jinin mutum yayin da yake manyanta ko da ba ya ciwon komai.

Ɗaya daga cikin masu hura wutar su ne tsofaffin ƙwayoyin halitta. A 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead suka nuna cewa ƙwayar halittar ɗan Adam da aka raina a ɗakin gwaji tana rabuwa kamar sau 50 ne sai ta tsaya. Duk rabuwa ɗaya, murfin da ke bakin zaren gado, wato telomiya, yana raguwa. Ba raguwar telomiya kaɗai ke tsayar da ita ba. Lalacewar zaren gadon, yawan suga a jini da hayaƙin taba duk suna yi. Ƙwayar sai ta taka birki da wasu furotin guda biyu, p16 da p21. Birkin nan alheri ne, don shi ke hana ƙwayar da ta lalace zama ciwon daji. Inda gizo ke saƙar shi ne ba ta mutuwa. Tana nan zaune tana tsiyayo IL-6, IL-1 da IL-8, da sinadarai masu cinye naman da ke kewaye, har ta sa maƙwabtanta su ma su tsufa. Wake ɗaya ke nan mai ɓata gari. A jikin matashi garkuwa na kwashe su da wuri. A jikin tsoho masu kwashewar su ma sun gaji.

A cikin ƙwaƙwalwa masu wannan aikin shara da gadi su ne maikurogiliya, kamar kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin da ke wurin. Su ke lashe dattin furotin da ake kira amiloyid, su ke datse mahaɗar jijiyoyin da ba a amfani da su. A cutar Alzheimer, nau'in ciwon mantuwa da ya fi yawa, amiloyid yana fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin iyali su ga wata alama. Da farko maikurogiliya na kewaye shi suna ci. Da abin ya daɗe sai su kasa sharar amma su ci gaba da ihun neman agaji, su fara datse mahaɗai masu lafiya. Wannan ihun kuma yana taimaka wa wani furotin, tau, ya cukuikuye a cikin jijiyoyin, kuma yaɗuwar tau ita ta fi tafiya kafaɗa da kafaɗa da mantuwar da ake gani. Ga kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ke fara yoyo da tsufa, kuma daga wuraren da yake fara yi har da hifokamfas, rumbun sabbin abubuwan da mutum ya ji ko ya gani. Shi ya sa Baba zai ba ki labarin zamanin haƙar kuza a Bukuru tiryan-tiryan amma ya manta ya karya kumallo.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa garkuwa ba 'yar kallo ba ce ta fito ne daga gado. A 2013 an gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna TREM2, wadda a ƙwaƙwalwa maikurogiliya ne ke aiki da ita, yana ninka haɗarin Alzheimer kamar sau uku. Da gadonsa ake haihuwar mutum, saboda haka ba za a ce cutar ce ta jawo shi ba.

Famasis_Terminus:

Dakta ya yi bayanin inji, ni bari in yi na kanti, don a nan ne ake cutar mutane.

Hajiya, tunanin da kika yi na a ba da maganin kumburi kullum, manyan masana sun riga ki, kuma sun gwada. An ga masu amosanin gaɓɓai da suka daɗe suna shan irin waɗannan magunguna kamar ba su cika kamuwa ba, sai aka shirya gwaji a Amurka mai suna ADAPT da Naproxen da Celecoxib. An dakatar da ba da maganin a Disambar 2004 saboda fargabar illa ga zuciya, kuma bin sawun da aka yi daga baya bai nuna kariya ba. Gwajin ASPREE ya ba tsofaffi asfirin miligiram 100 kullum, mutum sama da 19,000 a Ostireliya da Amurka: mantuwa ba ta ragu ba, zubar jini ta ƙaru. A Birtaniya an gwada Minocycline, wanda ke kwantar da maikurogiliya, shi ma bai rage saurin cutar ba.

Dalilin faɗuwar ana ganin uku ne. Ana ba da maganin bayan wuta ta shekara ashirin tana ci. Yawancinsu kaɗan ne ke tsallaka shingen ƙwaƙwalwa. Sannan maikurogiliya aiki biyu suke yi, shara da ɓarna, in ka rufe musu baki gaba ɗaya ka dakatar da sharar ma.

Illar kuwa a fili take. Diclofenac, Ibuprofen da Piroxicam a cikin tsoho suna huda ciki ya yi ta bayan gida baƙi, suna danne ƙoda, suna ɗaga hawan jini, suna karya ƙarfin maganin hawan jinin da yake sha. Mafi muni shi ne “haɗin ciwon jiki” da ake ƙulla wa a leda, wanda sau da yawa akwai Dexamethasone ko Prednisolone a ciki. Waɗannan suna tayar da suga, suna hana barci, su kansu suna rikita tsoho. In ciwon gwiwa ne, a fara da farasitamol, giram 1 sau uku a rana, a rage in tsohon ramamme ne ƙasa da kilo 50 ko yana da ciwon hanta.

Sai magungunan kashe tsofaffin ƙwayoyi, waɗanda masu talla suka fi so. A 2018 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka sun cire irin waɗannan ƙwayoyi daga ƙwaƙwalwar ɓeraye masu cutar tau, kuma ɓerayen sun riƙe tunaninsu. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma ɓera ba mutum ba ne. Gwajin farko a masu Alzheimer da aka wallafa a 2023 mutum 5 ne kacal, mako 12, da haɗin Dasatinib da Quercetin. Abin da ya nuna shi ne Dasatinib ya isa ruwan ƙwaƙwalwa, Quercetin ba a same shi a can ba, kuma tunaninsu bai sauya ba. Dasatinib maganin kansar jini ne, yana iya tara ruwa a ƙirji, ya rage ƙwayoyin jini. Ba abin da za a saya ta intanet a ba Kaka ba ne.

Zogale da kurkum a miya, bismillah, abinci ne. Amma kurkum hanji ba ya tsotsarsa sosai, kuma ƙwayoyinsa masu ƙarfi an samu sun taɓa hantar wasu.

Malam_Laboratori:

A kan gwaji, amsar gajera ce: babu gwajin kumburi da zai ce wane na da ciwon mantuwa. CRP, furotin da ake aunawa a jini don gane kumburi, hanta ce ke fitar da shi idan IL-6 ya taɓa ta, to labarin jiki duka yake bayarwa, ba na ƙwaƙwalwa ba. A ma'aunin da likitocin zuciya ke bi, ƙasa da miligiram 1 a lita ƙarami ne, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 babba. Sama da 10 kuwa a nemi ciwo mai ci yanzu, a maimaita bayan mako biyu. Maleriya, tarin fuka, ruɓaɓɓen haƙori, teɓa, duk suna ɗaga shi. Binciken ARIC a Amurka ya nuna waɗanda alamun kumburinsu suka yi sama a tsakiyar rayuwa tunaninsu ya fi saurin raguwa cikin shekara 20, amma wannan lissafin dubban mutane ne, ba hukunci kan mutum ɗaya ba.

In za a kashe kuɗi, a kashe a kan abin da ke kwaikwayon gigin tsufa kuma yana da magani: ƙidayar jini, suga, gishirin jini da aikin ƙoda, sinadarin maƙoƙo TSH, bitamin B12 (musamman ga wanda ya shekara da shekaru kan maganin suga na Metformin), HIV da tunjere. In tsohon ya taɓa faɗuwa ko ya bugu a ka cikin 'yan watanni, a yi hoton CT, don jini kan taru a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai, kuma tiyata na fitar da shi.

Sista_Rikkos:

Tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi amfani ga masu jinya a gida, Yaya Talatu, don haka zan tsaya a kanta.

Abu biyu ne ake haɗawa. Ciwon mantuwa wata da watanni yake tafiya. Wanda ke zuwa cikin awanni ko kwana biyu, mutum ya rikice, ya kasa tsayar da hankali, da safe ya ɗan dawo da yamma ya ɓace, wannan ruɗewar farat ɗaya ce, likitoci na ce mata diliriyam, kuma ta gaggawa ce kamar ciwon ƙirji. Haɗinta da bayanin Dakta shi ne: maikurogiliyar mai ciwon mantuwa a ɗane suke kamar tarko. Idan ciwo ya tashi a huhu ko mafitsara, saƙon kumburi ya iso ta jini, sai su mayar da martani fiye da kima. A Southampton ta Ingila an bi masu Alzheimer 300 na wata shida, aka wallafa a 2009: waɗanda suka yi wani ciwo mai tayar da kumburi a jiki, tunaninsu ya ragu da saurin da ya ninka na sauran. Shi ya sa wani ke warkewa daga zazzaɓin amma ya tsaya a matakala ta ƙasa. Kowace rana da aka bari a ruɗe tana da farashi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran zazzaɓi. Tsoho na iya yin nimoniya jikinsa da sanyi. Na biyu, an fi lura da mai fizge-fizge da ganin mutane a bango. Wanda ya yi shiru, yana ta gyangyaɗi, ya daina cin abinci, sai a ce ya samu sauƙi, alhali nasa ya fi haɗari. Gwaji mai sauƙi: a ce ya lissafa kwanakin mako daga Lahadi ya koma baya, ko watanni in ya saba da su. In jiya yana iyawa yau ya kasa, a tafi asibiti yau ɗin.

Kafin a fita, a duba waɗannan. Suga: ƙasa da 3.9, ko 70 a ɗaya ma'aunin, a ba shi cokalin shayi uku na sukari a ruwa in yana iya haɗiya. Maganin suga na Glibenclamide ya shahara da saukar da suga haka a tsofaffi. Numfashi: a ƙirga na minti guda, ya haura 24 ko iskar jini ta gaza 92, huhu ake zargi. Fitsari: yaushe ya yi na ƙarshe? A taɓa mara. Dattijo mai kumburin furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, mafitsararsa kan cika tam bai faɗa ba. Bayan gida: kwana uku babu ya isa ya rikita mutum. Ruwa: lokacin hunturu tsofaffi na ƙin sha don gudun fita fitsari cikin sanyi, alhali suna bukatar kamar lita ɗaya da rabi sai in likitan zuciya ko ƙoda ya taƙaita. A zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya, a tafi da su. Piriton, Phenergan, Amitriptyline, Artane, Valium da Tramadol su ne kan gaba wajen ruɗa tsoho. Huɗun farko suna toshe asetilkolin, sinadarin da ƙwaƙwalwar mai Alzheimer ta riga ta rasa.

A asibiti a yi gwajin maleriya, amma kada a tsaya nan. Haka in an ga ƙwayoyin cuta a fitsari: tsofaffi da yawa, musamman mata, suna ɗauke da su ba tare da ciwo ba, to a ci gaba da neman dalili.

Wani abu na Jos musamman: daren Disamba da Janairu ana shigar wa tsoho da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa da taga. Iskar gawayi ba ta wari, tana kawo ciwon kai da ruɗewa, tana kisa, kuma ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ba ta gane ta, za ta nuna lamba mai kyau. A ɗumama ɗakin a fitar da wutar kafin ya kwanta, a ƙara bargo.

Kuma don Allah, tsohuwar da aka tsinta da dare tana yawo tana sambatu mara lafiya ce. Ana jifan irinsu da maita, wasu har a dake su.

Talatu_Gangare:

Allah Ya saka da alheri, Sista. To Dakta, in ƙwayar kashe kumburi ba ta aiki, me ɗan shekara 45 ko 50 zai yi tun yanzu? Kuma wanda iyayensa suka yi, shi ke nan ya gada?

Dakta_Lamingo:

Gado na da hannu amma ba shi ke yanke hukunci ba. Mai kwafi ɗaya na ƙwayar gadon da ake kira APOE4 haɗarinsa kamar ninki uku ne a binciken Turawa, mai biyu ya fi haka nesa. Amma aikin da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indiyanafolis ya nuna Yarabawan Ibadan na kamuwa da kashi 1.35 cikin 100 a shekara, baƙaƙen Amurka kuwa 3.24, kuma tasirin APOE4 ya fi rauni a Ibadan. Masu binciken sun karkata ga bambancin abinci, kitsen jini, hawan jini da suga. Mu a nan, binciken da aka wallafa a 2006 kan mutum 280 'yan 65 zuwa sama a Jos ya sami kashi 6.4, mata sun fi yawa.

Kwamitin mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ya ƙiyasta suna da alhakin kusan kashi 45 na masu cutar. Da yawansu itacen wutar nan ne: taba, teɓa, suga, zaman wuri ɗaya, gurɓatacciyar iska. Amma wanda hujjarsa ta fi ƙarfi shi ne hawan jini. A ƙauyukan Sin an gwada da mutum kusan 34,000, ma'aikatan lafiya na ƙauye suka riƙa saukar da jini ƙasa da 130/80, cikin shekara huɗu ciwon mantuwa ya ragu da kashi 15. Ba sabon magani, irin wanda ke kowane kemis ne.

A auna a gida yadda ya kamata: a zauna minti biyar, hannu a kan tebur, awo biyu da safe biyu da yamma, kwana bakwai, a jefar da na ranar farko a ɗauki matsakaici. Ya kai 135/85 a ga likita, kuma maganin ba a dainawa don lamba ta sauka. Ga wanda ya tsufa sosai a auna shi a tsaye ma, kada a saukar da jini ya faɗi ya karya ƙugu. Gishiri ƙasa da giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen magi na cikin lissafin. Tafiyar sauri minti 30 kwana biyar a mako. Ƙugu a auna da tef ɗin tela: namiji kada ya wuce santimita 94, mace 80, don kitsen ciki shi kansa yana fitar da IL-6. Girkin itace a fitar da shi fili. Mai yanar ido a cire masa, mai raunin ji a gwada kunnensa. Acca, wake, kabeji da ganyen da ke cike a Farin Gada sun fi duk ƙwayar da ake tallatawa.

Famasis_Terminus:

Dakta, ranka ya daɗe, gyara ɗaya. Kashi 45 ɗin nan ƙiyasi ne in an kawar da abubuwan 14 kakaf a duniya, ba alkawari ba ne ga mutum ɗaya. Kuma amfanin saukar da jini ya fi yiwuwa ta kare ƙananan hanyoyin jini ne, ba lallai ta kumburi ba. Inda nake ganin zaren garkuwa ya fi fitowa shi ne Wales: allurar rigakafin ƙurajen da ƙwayar ƙarambau ke fesowa a ɓari ɗaya na jikin tsoho, an ba waɗanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1933, na kafin ranar ba su samu ba. Cikin shekara bakwai kamuwa da ciwon mantuwa ta ragu da kusan kashi 20 a waɗanda aka yi wa. Dasashi mai zubar jini ma a kai wa likitan haƙori, ko da yake maganin da aka ƙera don ƙwayar cutar dasashin ya faɗi a gwajin Alzheimer a 2021.

Wanda aka riga aka tabbatar masa kuma, maganin Donepezil ana farawa da miligiram 5, a kai 10 bayan mako huɗu zuwa shida. Ba ya tsayar da cutar, sauƙi yake ɗan kawowa. A ƙirga bugun zuciya kafin a fara da kuma bayan an ƙara. In ya gaza 50 a minti, ko tsohon ya fara suma, a dakata a koma wurin likita.